Gadon Kakansa

4 ga Maris

Zuwa ga ɗana Mai Littattafai,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wasiƙar nan ta same ka lafiya, kai da karatun nan naka da ba ya ƙarewa. Mu nan sai godiya. Gwiwata ta dama tana nan da halinta, idan na taka keken ɗinki awa biyu sai ta fara yi mini tsiya, amma ni da ita mun saba. Matarka lafiya lau, tana zuwa makaranta ta koyar, ta dawo da alli har a gira. Angona kuwa, wato ɗanka, ya cika shekara biyu da wata uku, ya kuma zama shugaban maɓarnata. Da safe uwarsa ke kawo mini shi. Jiya ya warware mini zare guda, ya naɗe ƙafar kujera da shi, da na yi magana sai ya haɗe gira. Wallahi fuskar mahaifinka na gani, Allah ya jiƙan Kafinta. Barewa ba ta gudu ɗanta ya rarrafa.

To, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Na san dangantakarmu sai an zauna an warware ta kamar zaren da ya harɗe, tunda kakan mahaifinka da kakana ne wa da ƙani. Amma gida ɗaya muka tashi da mahaifinka, kwano ɗaya muka sa hannu, kuma yau ba wanda ya rage maka da zai ja maka kunne sai ni. Saboda haka ka buɗe kunnen.

Ka tafi ka bar yaron nan yana wata biyar. An yi hutu huɗu, ba ka zo ko ɗaya ba. Na farko ka ce jarrabawa, na biyu ka ce bincike, sauran biyun ma ba ka wahalar da kanka wajen neman dalili ba. Tafiyar yini ɗaya ce fa a mota, ba bangon duniya kake ba. Matarka ba ta taɓa kawo mini ƙararka ba, kuma shirun nata ya fi ƙara ciwo. Idan maƙwabta suka tambaye ta yaushe za ka zo, sai ta yi murmushi ta ce kana hanya. Hanyar nan dai ta yi tsawo. Me aka yi maka? Idan laifi ne ka faɗa, a ba ka haƙuri.

Sai ƙaramar magana. Gadon nan da mahaifinka ya haɗa muku lokacin aurenku ya cika tsawo. Na san shi ne aikinsa na ƙarshe, shi ya sa ba na so a taɓa shi ba da izininka ba, amma angona ya koyi hawa, kuma akwai tazara tsakanin sandunan wajen ƙafa. Ka amince in kira wani ya rage masa ƙafafu.

Ka ci abinci. Hoton da ka aiko bara, wuyanka kamar mariƙin lema.

Goggonka

19 ga Afrilu

Zuwa ga Goggo,

Gaisuwa da girmamawa. Na samu wasiƙarki, na ji daɗin jin kuna lafiya. Allah ya sawwaƙe ciwon gwiwa, ki riƙa hutawa tsakanin ɗinki. Ni ma lafiya ƙalau, abinci kuma ina ci, wuyan ne dai haka Allah ya yi shi. Na yi jinkirin amsa ne domin sau uku ina farawa ina yagewa.

Ba wanda ya yi mini laifi, Goggo. Ba ta yi mini komai ba. Zan faɗa miki abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ki yi haƙuri idan na bi ta hanyar karatu, ita kaɗai na iya.

Abin da nake nazari a kai shi ne yadda halin mutane ke bin zuriya. Mutanen da suna cewa abin da uba ya samu da gumi ko da rauni yana shiga jininsa ya wuce ga ɗansa, wai ɗan maƙeri da damtse mai kauri ake haihuwarsa. Malaminmu ya ce wannan ba gaskiya ba ne a jiki. Jini ba ya ɗaukar tabo. Amma ya ce a zaman mutane gaskiya ne ƙwarai, domin abin da uba ya koya jiya, a ciki ɗansa zai buɗe ido yau, ya ɗauka ba tare da ya san ya ɗauka ba. Ido ne ke kwashewa, da kunne. Sauran ɗalibai suna rubutawa, ni kuwa na zauna ina kallon ƙafata.

Kin san ina ɗingishi da ƙafar hagu. Kowa ya ɗauka haka aka haife ni. Kafin in taho na je an ɗauki hoton ƙashin, likita ya duba ya sake dubawa, ya ce ƙafata ta fi tasa lafiya. Baba ne gungume ya danne a wurin yankan katako, ba ni ba. Amma ni ke ɗingishinsa shekara ashirin da uku.

Na ma tuna ranar. Ina shekara bakwai, ina bin bayansa zuwa shago, ina ɗauke masa da zarto. A idona ba wanda ya kai shi iya tafiya, sai na fara taka ƙasa yadda yake takawa. Ya juyo ya gan ni. Guntun katako ne a hannunsa, ya sauke mini shi a kafaɗa, ya ce, "Ni za ka yi wa dariya?" Daga ranar bai ƙara tafiya da ni ko'ina ba, kuma maganar da ya yi mini har ya rasu ba za ta cika shafi biyu ba.

To, wata Asabar da rana, yaron nan yana wata huɗu, ya yi ta kuka ina ƙoƙarin karatu. Sai na ji tsaki ya fito daga bakina, irin na Baba sak, mai tsawon nan. Na bugi ƙofa da hannu har yaron ya shiɗe. Uwarsa ta kalle ni, ta ɗauke shi ta fita. Ranar na san ba ɗingishi kaɗai na kwaso ba. Da aka ba ni gurbin karatun nan sai na karɓa hannu biyu, na ce bari in yi nesa har ya koyi tafiya, ya koyi magana, a wurin mutanen da ke tafiya daidai. Idan bai gan ni ba, ba zai gaje ni ba. Saura shekara ɗaya. Ina kewarsu har ba na son ganin yaran mutane a hanya, amma gara ya yi kewar uba da ya zama irina.

Kada ki nuna mata wannan.

Ɗanki

16 ga Mayu

Ɗana,

Gaisuwa a gurguje, maƙwabciyata na tsaye za ta wuce gidan waya. Muna lafiya, sai dai angona. Kada hankalinka ya tashi, yana ci yana wasa, amma yau kwana tara ke nan yana ɗingishi. Ƙafar hagu ce. Mun kai shi asibiti, likita ya tambayi dalili, na ce masa gadon kakansa ne. Ya girgiza kai ya ce ya sha ganin irin haka. Ai na faɗa maka tun a wasiƙata ta farko, ka yi kunnen uwar shegu.

Doguwar wasiƙarka ta zo, na karanta sau biyu. Akwai magana a bakina, sai na samu zama. Yanzu kaina ba ya wuri ɗaya.

Goggonka

2 ga Yuni

Goggo,

Ina gaishe ki. Lafiyar jiki dai ina da ita.

Na karanta wasiƙarki a tsaye a bakin ofishin da ake raba mana wasiƙu, sai da wani ya taɓa ni ya ce in matsa na tare hanya. Ƙafar hagu. Yaron da bai taɓa ganin takuna ba. Kuma har likita ya ce ya sha gani.

Ashe ke ce da gaskiya da barewarki, mu da littattafanmu muka yi ta shirme. Na je wurin malaminmu na ce masa ga yaro bai ga ubansa ba, bai ga kakansa ba, ya tashi da ɗingishinsu. Ya yi dariya ya ce in je in huta, karatu ya yi mini yawa. Shi yana da damar dariya, ba ɗansa ba ne. Ni na daina musu. Gado ne, yana cikin jini, kuma idan ɗingishin ya bi shi, tsakin ma zai bi shi, da hannun nan mai saurin tashi. Na hana kaina ganinsa shekara biyu a banza. Na gudu ban tsira ba, shi ma ban tsirar da shi ba.

Goggo, da wane ido zan kalli uwarsa? Ta aure ni da ɗingishina, ta haifi ɗa lafiyayye, ga shi abin da ke jikina ya fito masa. Idan na koma, wani za mu sake haifa, shi ma ya ja ƙafa. Ba zan ƙara sa wa kowa wannan kaya ba. Ga 'yar takarda nan na naɗe a ciki, ki ba ta. Na ce mata kada ta ƙara jira na, kuma duk ranar da ta nemi takardarta zan aiko mata ba tare da ja-in-ja ba. Mace ce ta gari, ba ta cancanci ta tsufa tana cewa ina hanya ba.

Ana neman wanda zai bi ƙauyuka yana hira da maƙera da majema da masaƙa na wata biyar, kowa yana gudu saboda wahalar hanya. Na sa hannu. Jibi zan bar ɗakin nan. Ba ni da adireshin da zan ba ki, don ba wuri ɗaya zan zauna ba.

Ki shafa mini kansa. Ki yafe mini.

Ɗanki

11 ga Yuni

Kai Mai Littattafai,

Gaisuwar ma a taƙaice, don raina a ɓace yake. Muna lafiya. Angona ya fi kowa lafiya.

Na shiga uku ni 'yasu! GADO nake nufi, na kwanciya! Na katako, mai ƙafa huɗu, wanda na roƙe ka izinin ragewa ka tsallake maganar kamar ba ka gani ba! Yaron ya hau ne, ƙafarsa ta maƙale tsakanin sanduna, ya rufto, ya yi targaɗe. Likita cewa ya yi ya sha ganin yara suna faɗowa daga dogon gado. An naɗe ƙafar, sati uku ya warke. Jiya da kaina na bi shi da gudu har bakin titi ban kama shi ba. Shekara nawa kana karatu, kalma ɗaya mai harafi huɗu ta kayar da kai? Lallai ilimi daban, hankali daban.

Amma bari in sauke nawa laifin kafin in ɗora maka naka. Ban rubuta maka cewa faɗowa ya yi ba, domin a hannuna ya faɗi. Na kai shi ɗakinku in ɗauko masa riga, wata mai kawo ɗinki ta yi sallama, na fita in auna ta. Minti biyar. Kunya ta sa na ɗora wa gado laifin na yi shiru da nawa. Da na rubuta gaskiya cikakkiya, da ba ka karanta ƙarya a ciki ba. Wannan zai tsaya mini a rai har in mutu.

Yanzu ka saurari abin da ban samu zama na faɗa maka ba. Kai ka san mahaifinka mai shiru. Ni na san wani daban. Kafin gungumen nan, Kafinta shi ne ke sa gidanmu dariya har mu riƙe ciki. Yana aiki yana waƙa, fensir a kunne, yana tsokanar duk wanda ya wuce. Bayan raunin ya yi wata takwas a kwance, da ya tashi yara suka riƙa binsa a layi suna kwaikwayonsa. A nan ya koyi tsakin. Ba da shi aka haife shi ba, ni shaida ce.

Ranar da ya buge ka, wurina ya zo. Ya zauna a benci kusa da kekena, katakon na hannunsa bai ma san yana riƙe da shi ba. Ƙato da shi, ya yi kuka kamar yaro. Ya ce, "Ba dariya yake mini ba, na gane tun hannuna bai sauka ba. Koyi yake da ni. Zan lalata yaron nan." Na ce ya je ya rungume ka ya faɗa maka haka. Ya ce a'a, maganin abin shi ne ka daina ganinsa yana tafiya. Daga nan ya riƙa fita kafin ka tashi, ba ya dawowa sai ka yi barci. Ya hana ka zuwa shago, ya tura ka boko. Kai kana ganin ƙi ne, shi kuwa yana ganin kare ka yake yi. Na yi masa faɗa har na gaji. Kuma me ya tsinana? Ɗingishin ka riga ka ɗauka, uban ne kawai ka rasa.

To ka duba da kyau. Ka ce kana gudun kada ka ba ɗanka gadon mahaifinka. Ɗana, gudun nan shi ne gadon. Shi ya yi nesa da kai cikin gida ɗaya, kai ka ƙara da mota. Ko dalilin da ka ba ni, kalma da kalma nasa ne, a kan bencin nan na fara jin sa.

Takardar da ka ce in ba matarka tana cikin durowar kekena, ba zan ba ta ba. Ka ɗauko jakarka ka zo gida, da ƙafar taka yadda take.

Goggonka

20 ga Oktoba

Ɗana,

Ina gaishe ka, ina roƙon Allah ya sa kana raye kana lafiya, don rabona da jin ɗuriyarka wata huɗu da rabi. Ni dai ga ni nan. Idona na hagu ya fara hazo, sai na nemi mai zura mini zare a allura.

Wasiƙar da za ka gani a cikin ambulan ɗin nan tun watan Yuni na rubuta ta. Ta je ɗakinku na ɗalibai ta yi wata biyu, aka dawo mini da ita da tambari wai ba ka nan. Na rasa inda zan bi, sai wani tsohon malami da nake yi wa ɗinki ya ce in aika ta hannun shugaban sashenku. Ka fara karanta waccan, sannan ka dawo kan wannan. Ban canza ko kalma ɗaya ba, har zagin.

Idan ka gama, ga sauran labarin, kuma ba mai daɗi ba ne.

A watan Yuli matarka ta zo neman farin zare za ta ɗinke maɓallin riga. Ina tsakar gida ina wanki, na ce ta duba durowa. Na manta shaf. Da na shigo na same ta a tsaye da takardarka a hannu, ta ga sunanta a bayanta da rubutunka. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta ce, "Goggo, tun yaushe?" Na ce tun Yuni. Na zaunar da ita na warware mata komai, da gado da gado, da katakon, da tsakin, har wasiƙar da ka ce kada in nuna mata na nuna mata. Na ce kuskuren karatu ne kawai.

Ka san abin da ta ce? Ta ce, "Kuskuren karatu na kwana ɗaya ne. Shekara biyun fa? Ya ji ɗansa na ɗingishi, bai shiga mota ya zo ya duba ƙafar ba, sai ya ɗauki biro."

Ta jira har aka yi hutun makaranta, ta nemi canjin wurin aiki, ta koma gidan yayanta, mai shagon gyaran agogo. Ka san garin, awa huɗu ne daga nan. Ba ta nemi takardarta ba, ba ta kuma ce za ta dawo ba. Kayanta kawai ta ɗauka. Gadon yana nan a ɗakin, ban bari an taɓa shi ba.

Angona ya tafi da zarena guda a aljihu. Safiya ta yi mini tsawo yanzu, ba mai warware mini komai. Wata biyu kafin su tafi ya koyi wani abu. Idan aka ce masa ina Baba, sai ya yi murmushi ya ce, "Yana hanya." Muryar uwarsa sak. Ka sa wannan a cikin littafin naka.

Ban san ko akwai sauran gyara ba. Amma idan ka sake amsa mini da biro kafin ka je, kada ka ƙara kira na Goggo.

Goggonka

9 ga Disamba

Zuwa ga Goggo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan idon ya yi sauƙi. Ki daina ɗinkin baƙin yadi har a duba shi. Ni lafiya. Na je kafin in rubuta, saboda haka ina da izinin kiran ki Goggo.

Wasiƙunki sun same ni ranar da na dawo daga ƙauyuka. Na karanta ta Yuni a kan matakalar sashenmu, na yi dariya a wurin harafi huɗun nan, dariyar da ban san lokacin da ta koma kuka ba. Ba gadon ne ya karya ni ba, bencin ne. Shekara ashirin da uku ina ɗauke da "Ni za ka yi wa dariya?" ban san akwai sauran maganar ba. Me ya sa bai faɗa mini ba, Goggo? Na tambayi kaina haka a mota, sai na tuna ni ma ban faɗa mata ba.

Yayanta ya karɓe ni a shago, gilashin gyaran agogo a ido, bai ko cire shi ba. Ya nuna mini ƙofar gida da haɓa. Ta fito ta gaishe ni kamar baƙon da ya zo karatun mitar wuta. Na ba ta haƙuri iyakar iyawata. Ta saurara har na gama, ta ce ta ji, amma ba za ta koma ba yanzu, kuma ba ta yi mini alkawarin gobe ba. Ta ce ɗana dai ɗana ne, ƙofa a buɗe take. Ban yi musu ba.

Sai ga shi ya fito da gudu. Ƙafafunsa biyu garau, Goggo. Ya tsaya ya haɗe girar nan yana kallona. Uwarsa ta ce, "Ga Baba." Ya girgiza kai ya ce, "Baba yana hanya." Ya koma bayan zanenta ya ɓuya.

Na yi awa uku a tsakar gidan. Duk lokacin da zan tashi sai in daddage in taka daidai, ina lissafa kowane taku. Da la'asar na yi sallama na fito. Na gaji, raina ya yi nauyi, na manta da ƙafar, ta koma halinta. Na yi taku kamar ashirin a layin sai na ji ƙaramin takalmi a bayana, ɗaya da ƙarfi ɗaya a hankali. Na juya. Shi ne, yana jan ƙafar hagu, ya karkata kafaɗa, har harshensa ya fito don ƙoƙari.

Hannuna ya tashi. Wallahi ban aike shi ba, na dai gan shi a sama. Tsakin ma ya zo har bakin haƙorana. Uwarsa na tsaye a ƙofa tana gani. Yaron ya ɗaga kai yana kallon hannun, bai ma san abin tsoro ba ne. Na rasa yadda zan yi da hannun, sai na sauko da shi a hankali na miƙa masa. Ya kama yatsana biyu.

Haka muka tafi har kwanar layin muka dawo, mu biyu muna ɗingishi, mai shayi yana ta dariya. Da muka iso ta karɓe shi, ta rufe ƙofa. Na ji yana tambayarta ko mutumin nan zai dawo. Ban ji amsarta ba.

Na kama ɗaki a layin da ke bayansu, zan ƙarasa rubutun daga nan. Ko za ta yafe, ban sani ba. Ko zai riƙe ɗingishin, shi ma ban sani ba. Idan ya riƙe, aƙalla zai san wurin wa ya samo, kuma zan faɗa masa labarin gungumen da bakina.

Ranar Asabar zan zo in kai ki a duba idon. Kada ki kira kowa saboda gadon. Ki nemo mini zarton Baba, yana cikin akwatin ƙarfe a bayan ƙofa. Ni na ɗauko masa shi ranar nan, ban taɓa yanka komai da shi ba.

Ɗanki